Inda Hargitsin Filasma Yake Ƙarewa

Abin da ake kira filasma iska ce wadda tsananin zafi ya raba ƙwayoyin zarrarta, suka zama ƙananan ƙwayoyi masu ɗauke da cajin lantarki. Irinta ce take kwararowa daga rana, galibinta ilektaron da furoton, ana ce mata iskar rana.

A cikin iskar da muke shaƙa, babbar guguwa takan farfashe ta zama ƙanana, su kuma su ƙara farfashewa, har karon da ƙwayoyi suke yi da juna ya mai da ƙarfin motsin ya zama zafi. Masanin Rasha, Kolmogorof, ya tsara lissafin wannan a 1941. To, amma a iskar rana, ƙwaya takan yi tafiyar kimanin kilomita miliyan 150 ba ta yi karo da wata ba. Duk da haka awo ya nuna tana samun ɗumi a hanya. Daga ina ke nan?

Idan farfashewar ta kai girman da'irar da furoton yake zagawa a kewayen layin maganaɗisu, wato kusan kilomita 100, sai filasma ta daina gudana kamar ruwa. A nan ƙwayoyin da saurinsu ya kusa daidai da na igiyar lantarki sukan tsotse ƙarfinta ba tare da karo ba, kamar yadda Landau ya lissafa a 1946. A 2019 aka sami shaidar haka kusa da duniyarmu, daga awon kumbunan MMS na hukumar NASA ta Amurka.

Wannan ilmi ya shafi masu neman wutar lantarki ta hanyar haɗe ƙwayoyin zarra, domin hargitsin nan ne yake zubar da zafin da suke ƙoƙarin tsarewa cikin injunansu.