INJIN BUSAR DA TUFAFI: IN YA CIKA ZAFI, A DUBA HANYAR ISKA

A Kanan-Bakashe, cikin gundumar Mayahi, rana ce mai shanya. Mace ta yi wanki ta baza kan darni, kafin ta gama dakan fura kaya sun bushe. Amma kowace shekara, in an kai hatsi rumbu, samarin Gulbin Kaba suna fita cin rani. Waɗansu su tsaya Tasawa ko Maraɗi, waɗansu su wuce Yamai, Kano, ko ƙasashen Larabawa. Cikinsu akwai masu samun aikin wanki da guga a otel, ko asibiti, ko gidan masu hali. Can ne suke gamuwa da injin busar da tufafi mai aiki da kuran. Injin nan yana sauƙaƙa aiki, amma wanda bai san halinsa ba yana iya ƙona kayan mutane, har ya ƙona gida.

ABIN DA YA SAMU WANI SAURAYI

Wani saurayi na wani ƙauye kusa da Kanan-Bakashe ya samu aiki a wani shagon wanki a Maraɗi. Shagon yana da injin busarwa guda, na hannu, wanda aka sayo ya riga ya tsufa. Cikin bazara injin ya fara canza hali. Kaya suna fitowa da zafin da hannu ba ya iya taɓawa, amma kuma da ɗanyensu. Rannan shaddar wani alhaji ta fito da tabon ƙuna a kafaɗa, injin kuma ya mutu. Mai shago ya ce laifin yaro ne, daga albashinsa za a biya.

Mai gyara na farko da aka kira ya ce fis ne ya ƙone. Ya ce zai ɗaure wurin da guntun waya, aiki ya ci gaba. Saurayin ya taɓa ganin gobarar rumbu a garinsu, sai ya roƙi mai gida a nemo wani. Na biyu, dattijo ne, bai fara da fis ba. Ya ja injin daga bango, ya kwance bututun baya. Sai ga shi cushe da ƙurar kaɗa, har ta cika kwano. Bututun kuma ya lanƙwashe saboda an matse injin da bango. Ya share, ya miƙe bututu, ya sa sabon fis. Laifi ya tashi daga kan yaro.

YADDA INJIN YAKE AIKI

Abubuwa huɗu ne ke aiki tare. Akwai ganga mai juya tufafi. Akwai waya mai ja, wadda kuran ke gasawa, irin ta cikin dutsen guga. Akwai fanka mai jan iska ta kan wayar nan, ta ratsa tufafi. Akwai rariya da bututu, inda iska mai laima ke fita waje. Zafin iskar yakan tsaya tsakanin digiri 50 da 70.

Masu gadi uku ne ke tsaron zafin. Na farko yana kashe wayar in zafi ya kai, ya kunna ta in ya sauka. Masu gyara suna ce mashi tarmosta. Na biyu yana yanke wuta in zafi ya wuce iyaka. Na uku shi ne fis na zafi. Shi sau ɗaya yake aiki: ya ƙone, injin ya tsaya ko ya bar yin zafi, gida ya tsira.

Tufafi kuwa, duk juyin da suka yi, suna zubar da ƙurar kaɗa. Wanda ya san ƙyastu ya san yadda kaɗa ke kama tartsatsi. In ƙurar nan ta toshe hanya, zafi ba ya samun mafita. In ta taɓa waya mai ja, sai wuta.

ALAMOMIN DA ZA A LURA DA SU

Saman injin ya yi zafin da ba a iya aza hannu. Ana jin ƙauri. Kaya suna daɗewa ba su bushe ba. Injin yana tsayawa da kansa tsakiyar aiki. Iskar da ke fita bakin bututu ta yi rauni. Duk wanda ya ga ɗaya daga cikin waɗannan, ya kashe injin, ya zare shi daga bango, ya bari ya huce.

YADDA AKE BINCIKE

A fara da mai sauƙi, a ƙare da mai wuya.

1. A zaro rariya a share. In an zuba mata ruwa bai wuce ba, sabulu ya like ta. A wanke, a shanya, a mayar.

2. A kwance bututun baya, a share shi daga farko har ƙarshe. A duba ko ya lanƙwashe, ko ɓera ko tsuntsu ya yi sheƙa a bakinsa. Bututun ƙarfe, gajere, miƙaƙƙe, ya fi na roba.

3. A duba ɗakin. A watan Afrilu zafin Maraɗi yana wuce digiri 40. Injin da aka kulle cikin ƙaramin ɗaki ba taga, iska mai zafi yake shaƙa. Da hunturu kuma ƙura ce ke cika shi.

4. A duba yawan kaya. Ganga tana son fili don tufafi su yi juyi. In an danna ta kamar buhun gujiya, iska ba ta ratsawa.

5. In duk wannan lafiya, sauran aikin na mai gyara ne. Ya duba fanka ko ta karye ko ta saki. Ya auna tarmosta da abin awo, don wani lokaci yana likewa ya ƙi kashe wuta. Ya duba waya mai ja, don in ta saki ta taɓa jikin ƙarfe tana iya ci gaba da zafi ba tsayawa, kuma injin ya riƙa jan mutum.

Abu ɗaya ne ba a yarda da shi ba ko kaɗan: ɗaure gurbin fis da waya. Fis ba ya ƙonewa banza. Wanda ya ɗaure shi bai gyara komai ba, mai gadi kawai ya kora.

WUTAR BANGO

Kuran da kamfanin NIGELEC ke ba gidaje bolt 220 ne. Injin busarwa irin na ƙasashen Turai yana cin wat 2000 zuwa 3000, wato ya fi dutsen guga ci. Yana son wurin sokawa nasa shi kaɗai, da waya mai kauri, da wayar ƙasa. Kada a haɗa shi da dutsen guga kan siririyar wayar jone. In bakin sokawa ya yi baƙi ko ya narke, a canza shi nan da nan.

Tufafin da suka sha esans, ko gazuwal, ko man gujiya, kada su shiga injin. Ko an wanke, saura yana nan. A kai su rana.

BA NAN KAƊAI BA

Hukumar kula da gobara ta Amurka ta ƙidaya cewa daga 2008 zuwa 2010, kowace shekara wajen gobara 2900 ke tashi cikin gidaje daga injin nan. Babban dalili shi ne rashin shara. A Ingila, cikin 2015, kamfanin Whirlpool ya yi gargaɗi kan injina sama da miliyan 5 masu sunan Hotpoint, Indesit da Creda, waɗanda aka ƙera daga Afrilu 2004 zuwa Satumba 2015, saboda ƙurar kaɗa tana iya kaiwa ga waya mai ja. A watan Agusta 2016, ɗaya daga cikinsu ya ta da gobara a wani bene mai hawa 18 a birnin Landan. Cikin 2019 kamfanin ya kira a maido waɗanda ba a gyara ba. Don haka mai sayen injin na hannu ya karanta suna da shekarar da ke jikinsa.

IN WUTA TA TASHI

Kada a buɗe ƙofar injin, iska abincin wuta ce. A yanke kuran daga kwantar gida. Kada a watsa ruwa kafin a yanke. A fitar da mutane, a rufe ɗakin, a kira ƴan kwana-kwana a lamba 18. Kuma kada a bar injin yana aiki a tafi masallaci ko a kwanta barci.

Saurayin nan ya koma gida da damina, da kuɗinsa cikakku. Yanzu in ƙannensa za su fita cin rani, yana gaya masu: rariya bayan kowane zubi, bututu kowane wata. Waɗanda suka iya karatu su karanta ma waɗanda ba su iya ba, tun ba su kama hanya ba. Rigakafi ya fi magani.