Shirin Musamman: Likita Mila na Zariya

Shirinmu na yau zai kai mu Zazzau, mu waiwayi rayuwar wani mai wa'azin bishara da ya ba ƙasar Hausa ƙuruciyarsa da tsufansa. Sunansa Dakta Walter Miller, amma Zage-zagi Likita Mila suke ce masa.

An haife shi a Ingila a 1872, ya yi karatun likita a Landan. Kafin ya tako ƙasar nan sai da ya je Tarabulus ta Libiya, inda fatake da alhazai Hausawa ke yada zango, ya zauna yana koyon Hausa daga bakin masu ita. A 1900 ya shigo cikin ayarin Bishop Tugwell na ƙungiyar mishan ta CMS, suka nufi Kano. Sarki Aliyu Babba bai karɓe su ba, cikin 'yan kwanaki aka sallame su. Da wani ne, da daga nan ya haƙura ya koma gida. Shi kuwa Mila ya dage, har a 1905 ya samu wurin zama a cikin birnin Zariya, ya buɗe ɗakin shan magani da 'yar makaranta.

Zaman bai zo da sauƙi ba. Mutum ne mai faɗin abin da ke ransa, ya yi ta saɓani da fada, ya yi da Turawan mulki 'yan ƙasarsu, waɗanda ba sa son a yi wa'azi a masarautun Musulmi. Waɗanda suka karɓi addininsa a birni ba su da yawa. To me ya sa har yau ake ambatonsa?

Amsar tana ga yaran da ya zaunar a gabansa. Bai raina ƙanƙantar ajinsa ba. Ya koya musu karatu da lissafi da Turanci, ya ci abinci tare da su, ya yi jinyarsu in sun kwanta. A 1913 wasu daga cikin Isawa, mabiyan koyarwar Malam Ibrahim na Kano game da Annabi Isa, suka nemo shi da kansu. Aka kafa musu mazauni a Gimi, sai ciwon barci ya auka wa garin, ya kashe mutane da dama. 'Ya'yan waɗanda suka tsira na cikin waɗanda suka cika makarantar, wadda aka mayar Wusasa, bayan ganuwa, wajen 1929.

Ku dubi abin da wannan makaranta ta fitar. Dakta Barau Dikko, likita na farko ɗan Arewa, wanda asibitin koyarwa na Kaduna ke ɗauke da sunansa. Farfesa Ishaya Audu, ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello. Janar Yakubu Gowon ma a Wusasa ya tashi, a nan ya fara karatu. Musulmi da Kirista duk sun ci moriyar waɗannan mutane, kamar yadda har gobe suke haɗuwa a layin ganin likita a asibitin St. Luke na Wusasa.

Aikin da ya fi ɗaukar hankalin Mila kuwa shi ne fassara. Shekara da shekaru yana zama da malamai Hausawa da abokan aikinsa, ana auna kowace jimla, har aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932. Wannan littafi ya wuce Zazzau nesa. Ya shiga coci-coci a Filato da Adamawa da Kudancin Kaduna da Nijar, inda kabilu masu harsuna daban-daban suka samu harshe guda na yin sujada tare.

Bai yi aure ba. Bayan ya ajiye aiki ya tafi Ingila, amma zama bai yi masa ba, ya dawo Najeriya ya ci gaba da koyarwa da rubutu. A ƙasar Filato ya rasu a 1952, yana da shekara tamanin.