Baƙon Kwana Uku a Kwatano: Ina Za A Kai Shi?

Maganarmu a wannan fitowa ta shafi kowane magidanci da kowace uwargida.

Babu gidan Bahaushe a Zongo, ko Godomey, ko Akpakpa, da ba ya saukar baƙo daga arewa. Wani ɗaurin aure ya kawo shi, wata ganin likita ta zo yi a babban asibitin CNHU, wani kuma mota ya zo fitarwa daga tashar jiragen ruwa. Da yawansu zuwan farko ne, kuma kwanakinsu ƙidayayyu ne, uku ko huɗu. Abin da ke faruwa da su kowa ya san shi. Ranar farko ta tafi wajen huce gajiya. Ta biyu a zaga dangi, daga wannan falo zuwa wancan, ana shan ruwan sanyi ana tambayar mutanen gida. Sai ta uku da la'asar mai masauki ya farga, ya ɗora baƙo bisa babur a yi ta gudu cikin hayaƙi, ba a tsaya ko'ina ba har magariba ta riske su a hanya. Baƙo ya koma Kandi ko Gaya ko Maraɗi, yara su kewaye shi suna tambayar yadda teku take, ya ce daga nesa ya hango ta.

Zumunci a ƙafa yake, wannan ba abin musu ba ne. Amma wanda ya taso daga Malanville ya yi tafiyar fiye da kilomita 700 a zaune, yana da hakkin ya ga garin da ya sha wahala dominsa. 'Yan'uwanmu na Nijar kuwa, bayan juyin mulkin watan Yuli na 2023 da rufe gadar da ke tsakanin Gaya da Malanville, da yawa a kwalekwale suka riƙa ƙetare Kwara. Wanda ya zo ta wannan hanya ba lallai ya sake zuwa nan kusa ba. Shawarata ita ce a ware dattawa biyu ko uku waɗanda dole a taka a je gaishe su, sauran dangi kuma a kira su gida ɗaya a dare ɗaya, a ci tuwo tare. Da haka an fanshi yini guda cur.

Kafin a tsara yawo, ya kamata mai masauki ya tuna yadda garin yake kwance. Kwatano tsiririyar ƙasa ce tsakanin teku a kudu da tafkin Nokoué a arewa. Mashigar ruwan da Faransawa suka haƙa a 1885 ta raba ta biyu, gadoji uku ne ke haɗa tsakiyar gari da Akpakpa. Mu na Godomey, da ƙidayar 2013 ta ce mun haura mutum 250,000, da dukkan mutanen Calavi, kusan ƙofa ɗaya muke bi: gadar sama ta Godomey, filin wasa na Kouhounou, Vèdoko, sannan Étoile Rouge. Da safe ruwan ababen hawa gari yake gangarawa, da yamma ya juyo. Wanda ya ce zai kai baƙo gabas da yamma a yini ɗaya, a kan wannan hanya zai ƙare yininsa. Taura biyu ba ta taunuwa. Kowace rana a fuskanci shiyya ɗaya, a fita da zarar an karya kumallo bayan asuba, ko kuma a jira sai hantsi ya dubi ludayi.

Akwai wani abu da kan rikita baƙon Kano ko Damagaram. Agogonmu da nasu ɗaya ne, amma da yake muna yamma da su, rana takan makara a nan da fiye da minti 20. Azahar sai wajen ƙarfe 1 take shiga, magariba kuma tsakanin 6:30 da 7 da 'yan mintoci, gwargwadon wata. Idan aka gina yawon a kan waɗannan lokuta, aka san masallacin da za a tsaya kafin a bar gida, hankalin dattijo zai kwanta, ba zai yi ta duban sama ana nuna masa gini ba.

In da wuri ɗaya kaɗai za a je, to a je bakin teku. Mu da muka tashi da rurinta a kunne ba mu ɗauke ta komai ba, amma mutumin da babban ruwan da ya sani shi ne gulbi ko tafkin damina, ranar da ya fara ganin ruwan da ba ya da ƙetare ba ya mance ta. Na ga tsofaffi sun tsaya shiru tsawon lokaci, bakinsu na motsi. Kada a gaggauta su. Fidjrossè ce aka fi sani, sai dai yammacin Asabar da Lahadi takan cika da kiɗa da mashaya, ba wurin kai mahaifi ko suruka ba ne a wannan lokaci. Mutanen Godomey ma ba su da bukatar shiga gari, Togbin tana bayanmu a kan Hanyar Masunta. A je da safe a ranar aiki. In an yi sa'a a tarar da masunta sun jeru suna jan taru daga teku da igiya, aikin da kan ɗauki sa'o'i, mata na jira da kwanduna. A saya wa baƙo ɗanyar kwakwa a fasa masa ya sha ruwanta a wurin.

Gargaɗi ɗaya tak, kuma ba na wasa ba ne. Tekun wannan gaɓa tana da ja a ƙarƙashi, tana janye yashin da ke ƙasan ƙafar mutum lokacin da igiyar ruwa ke komawa. Samarin da suka iya iyo a Kwara su ne suka fi shiga haɗari, domin sun yarda da kansu. A tsaya inda ruwa ke taɓa idon sawu, a riƙe hannun yara, kuma kada a juya wa ruwan baya don ɗaukar hoto.

Tsakiyar gari rabin yini ya ishe ta, in aka bi ta a jere daga yamma zuwa gabas. A shatale-talen filin jirgin sama akwai mutum-mutumin Bio Guéra bisa doki, jarumin Borgu da ya yi wa Faransawa turjiya har aka kashe shi a 1916. Baƙon Kandi ko Bembèrèkè ya san sunan tun yana yaro. Gaba kaɗan a kan titin Marina ga dandalin Amazone mai tsayin mita 30, wanda aka buɗe rana ɗaya da na Bio Guéra, 30 ga Yuli 2022. Minti 15 sun isa. Wasu malamanmu ba sa son tsayawa gaban mutum-mutumi, don haka a tambayi baƙo kafin a tsayar da mota. A kuma kula da inda ake auna wayar hannu, fadar shugaban ƙasa na nan daura da wurin. Daga nan a bi katangar tashar jiragen ruwa da masu zane suka ƙawata tsawon fiye da mita 900. A bayanta ne tashar da aka buɗe a 1965 take, wadda shinkafa da motocin da suka cika kasuwannin Ƙonni da Maraɗi suka daɗe suna bi ta cikinta. Ɗan kasuwa ya fi jin daɗin wannan bayani a kan kowane gini.

A yi azahar a babban masallacin Zongo ko na Jonquet, a ci abinci a unguwar. Nan baƙo zai saki jiki, ya ji Hausa da Dendi da Zabarmanci da Yarabanci a layi ɗaya, ya sami tsire da fura da shinkafa da wake ba tare da ya tambayi wanda ya yanka ba. Yana da kyau a gaya masa cewa wannan zango ƙanen na Jugu da Faraku ne, inda ayarin fatake masu zuwa Gwanja sayen goro suka riƙa yada zango tun kafin Turawa. A nuna masa tashar jirgin ƙasa da ke kusa. Dogon ya kai Faraku a 1936, bai taɓa isa Kwara ba kamar yadda aka yi niyya, jirgin fasinja kuma ya daɗe da tsayawa.

Batun Dantokpa kuwa, wadda sunanta ya kai ko'ina, gwamnati ta tsara mayar da 'yan kasuwarta sabbin wurare, masu sari zuwa Akassato, masu atamfa da kayan ado zuwa gefen filin wasa na Kouhounou, an kuma buɗe sabbin kasuwannin unguwanni irin ta Cadjèhoun a 2024. Saboda haka a tambayi mai sana'ar abin da baƙuwa ke nema inda rumfarsa take, kafin a kama hanya. Matambayi ba ya ɓata. Kuma kada a haɗa sayayya da kallon gari a safiya ɗaya. Hajiya in ta shiga layin atamfa, an gama yawo.

Saura rana guda, wuraren fita bayan gari kuma uku ne: Ganvié, Ouidah da Porto-Novo. Ɗaya za a zaɓa.

Ganvié ce mafi kusa da mu. A shiga jirgin ruwa a gaɓar Calavi, a yi tafiyar wajen kilomita 8 cikin tafki, sai ga gari sukutum bisa turaku, kasuwarsa a cikin kwalekwale. Kakannin Tofinu sun gudo nan ne don tsira daga mayaƙan Dahomey masu kamun bayi. A hanya za a ga rassan itace da aka kakkafa a ruwa, ana kiransu akaja, kifi ke taruwa a ciki ya yi ƙiba. Yara da mata sun fi son wannan tafiya, kuma ana dawowa kafin azahar. A tambayi rigar kariya kafin a shiga jirgi. Ouidah, kilomita 40 yamma, tana bukatar yini da kuma zuciya: hanyar bayi ce mai tsawon kimanin kilomita 4 zuwa Ƙofar Ba Dawowa da aka gina a 1995, kuma cikin waɗanda aka bi da su ta nan har da Hausawa.

Ni dai in baƙona mai ilimi ne ko dattijo, Porto-Novo nake kai shi, saboda labarin da Ouidah ta fara a can yake ƙarasawa. Bayi Musulmi da aka kai Bahia ta ƙasar Barazil ba su zubar da karatunsu ba. A 1807 an gano shirin tawaye da Hausawa suka ƙulla a birnin Salvador. A watan Janairu na 1835, cikin azumin Ramalana, Musulmi, akasarinsu Yarabawa tare da wasu Hausawa, suka yi babban boren da tarihi ke kira na Malê. An murƙushe shi, aka kashe wasu, aka kori wasu, da yawa daga 'yantattu kuma suka tattara suka dawo wannan gaɓa. Zuriyarsu su ne Aguda, masu sunaye irin su Paraiso da da Silva. Su ne suka jagoranci ginin babban masallacin Porto-Novo da aka fara wajen 1912, da fasalin majami'un Bahia inda iyayensu suka koyi gini. Wanda ya tsaya gabansa, ya ga fentinsa kala-kala da hasumiyoyinsa biyu, zai rantse coci ne, sai ya lura da alƙibla. Baƙon da ya ga wannan ya sami labarin da zai ba da a zaure har shekara. In manomi ne, a biya da shi cibiyar Songhaï a Ouando, wadda aka kafa a 1985, ya ga yadda kashin kaji da ruwan kifi ke komawa taki da iskar girki. Hanyar kilomita 30 ce da 'yan kai, ta bi ta wuraren sayar da motoci na Sèkandji. Abinci kuwa a ci kusa da masallaci, domin garin ya yi suna da gashin alade.

'Yan abubuwa na hanya. A yi ciniki da ɗan zem, mai rigar ɗorawa, kafin a hau, kuma tun watan Maris na 2024 ana kama fasinjan da ba shi da hular kwano, don haka a ajiye ta baƙo a gida. Tsohuwa ko mai ciki a ɗaukar mata mota ta rabin yini, ko a kira ta Gozem. Baƙon Nijar da dala yake lissafi, dala ashirin tasa ita ce sefa 100, jika kuma 1,000. Baƙon Nijeriya kuwa kansa na kan naira. A zauna da kowannensu a warware lissafin a gida, kada a bari sai gaban mai kaya. Katin shaida ya kasance a aljihu. Daga Afrilu zuwa Yuli ruwan sama kan tsayar da komai na sa'o'i, sai a ajiye ziyarar dattawa don irin wannan safiya.

Tikitin komawa a yanke shi kwana ɗaya kafin tafiya, tunda motocin arewa da sassafe ko da dare suke tashi. Tsarabar da ba ta lalacewa a saye ta tun da wuri, abarba kuwa sai daren ƙarshe, a zaɓi wadda ba ta gama nuna ba don ta kai gida. Garin rogo kada a ɗora wa baƙo shi daga nan, zai same shi a Dassa inda mota ke tsayawa.