Hunhuna cikin gujiya: a yi hattara

Manoma ƴan uwana, wanda ya zuba gujiyarsa cikin buhu da sauran danshi, bayan ƴan kwanaki zai ga hunhuna, kore-kore ko rawaya, bisa ƙwayar. Wannan hunhuna tana fitar da dafi mai suna afalatoksin. Wuta ba ta kashe shi: ko an soya, ko an yi ƙuli-ƙuli, yana nan. Sannu-sannu yake cin hanta. Masara ma tana kamuwa. A shekarar 2004, a ƙasar Kenya, mutum 125 suka mutu saboda cin masara mai hunhuna.

Abin da ya fi damuna, mun saba kai mai kyau kasuwa, mu bar wa yara da bisashe ruɓaɓɓa. Alhali in saniya ko akuya ta ci, dafin yana sauka cikin nono.

A shanya gujiya bisa tabarma, har ƙwaya ta riƙa ƙara cikin kwanso in an girgiza. Buhuna a ɗora su bisa itace, nesa da bango. Ƙwaya mai ɗaci ko wadda ta motse, a tsince ta a binne.