Yadda Alƙalan Gasa Ke Ɗanɗana Baƙar Giya Mai Zaƙi a Turai da Amurka

Sitawut baƙar giya ce da ake yi da tsiron sha'ir. Baƙinta yana zuwa ne daga gasa wani ɓangare na hatsin har ya yi duhu kamar ƙwayar gahawa. A Landan aka fara yin ta a ƙarni na 18, kuma a Ingilishin wancan zamani ma'anar sunan ita ce "mai ƙarfi". A Nijeriya da Kamaru da Gana an fi sanin ta ta hanyar Guinness, wadda ɗaci ya fi yawa a cikinta. Wannan takarda kuwa ta shafi wani nau'i ne dabam, wanda ƙananan masana'antu masu zaman kansu suka yayata a Amurka da Turai cikin shekarun 2010, wato sitawut mai zaƙi da ake son ta yi kama da kek ko cakulan. Sunan da ake kiran ta da shi, "sitawut ɗin kek", da ba'a ya fara, daga baya masu yin ta suka rungume shi.

Tushenta biyu ne. Na farko shi ne sitawut mai ƙarfi da ƴan kasuwar Landan suka riƙa kai wa fadar Rasha a zamanin sarauniya Katarina ta biyu. Na biyu shi ne sitawut ɗin madara, wadda kamfanin Mackeson na Ingila ya fitar a farkon ƙarni na 20. Dabararsa ita ce zuba sukarin madara, wanda yistin giya ba ya iya ci, don haka zaƙinsa yake zama a cikin giyar bayan ta nuna. A kan wannan ne masu yin ta a yau suke ƙara koko, da gahawa, da kwakwa, da kirfa, da banila. Wasu kan ajiye ta watanni a cikin gangar itacen da aka taɓa zuba wuski, al'adar da kamfanin Goose Island na Shikago ya yi suna da ita tun shekarun 1990. Barasar da ke cikinta takan kai kashi 10 zuwa 14 cikin ɗari, alhali Guinness ɗin Nijeriya tana da 7.5.

Ƙungiyar horar da alƙalan giya ta Amurka, BJCP, wadda aka kafa a 1985, tana raba maki 50 kamar haka: ƙamshi 12, kamanni 3, ɗanɗano 20, yadda giya ke zama a baki 5, sai hukunci na gaba ɗaya 10. Ba a nuna wa alƙali sunan mai giyar, kuma yana kurkure baki da ruwa tsakanin kofi da kofi. Ba a kawo wannan giya da sanyi ƙalau, sai wajen digiri 10 zuwa 13, domin sanyi yana danne ƙamshi, yana kuma ɓoye aibi.

Alƙali da hanci yake farawa, tun kafin ƙamshi mai saurin tashi ya gudu. Abin da yake nema shi ne ko abubuwan da aka ce an zuba suna nan, kuma ko akwai ƙamshin gasasshen hatsi a ƙarƙashinsu. A nan ne aibobi suka fi tonuwa. Warin fenti yana nuna cewa yisti ya yi aiki cikin zafi fiye da kima. Warin jiƙaƙƙen kwali alamar iska ce ta shiga. Akwai kuma wani wari mai kama da na romon nama ko dunƙulen magi, wanda kan fito idan giyar ta daɗe a kan mataccen yisti. Kamanni ba ya ɗaukar lokaci: baƙa ce wuluk, kumfarta ruwan ƙasa, kuma ba a cika tsananta mata idan kumfar ta kwanta da wuri, tun da maiƙon kwakwa da na koko suna kashe kumfa.

Wurin ɗanɗano ne aikin yake. Mai ɗanɗana ruwan inabi yakan tofar, amma alƙalin giya haɗiyewa yake yi, saboda yana son ya ji abin da ya rage a harshe da maƙogwaro bayan kurɓi. Zaƙi ba ya kawo maki shi kaɗai, domin kowa na iya zuba sukari. Idan aka ɗauki nauyin ruwa a matsayin 1.000, giya ta yau da kullum tana tsayawa wajen 1.010, wannan kuwa tana iya wuce 1.040, ke nan sukarin da ya rage a cikinta mai yawa ne ƙwarai. Tambayar alƙali ita ce, me ya riƙe wannan zaƙi? Abubuwa uku ne ke iya riƙe shi: ɗacin gasasshen hatsi da gahawa, ɗumin barasa, da ɗan baurin da itacen ganga ke bayarwa. Idan sun yi daidai, zaƙin zai zo da farko, ɗaci ya biyo baya ya wanke baki, har mutum ya so kurɓi na biyu. Idan ba su nan, giyar tana ginsar mai sha tun bai kai rabin ƙaramin kofi ba, kuma mafi yawan waɗanda ke faɗuwa a wannan nau'i ta nan suke faɗuwa.

Ya kamata ɗalibi ya lura da kalmomi biyu a nan, kauri da ƙauri, waɗanda ƙugiya kaɗai ta raba su a rubuce. Kauri abin so ne a wannan giya, ana son ta zuba a hankali, ta lulluɓe harshe da santsi kamar kunun gyaɗa. Ƙauri kuwa, wato warin abin da ya ƙone, yana nuna cewa gashin hatsi ya wuce garɗi ya kai ga toka, kuma alƙali zai rage maki a kansa. Haka ma ɗaci da bauri ba ɗaya ba ne: ɗaci ɗanɗano ne, bauri kuwa ɗaurewar baki ne irin na ɗanyen goro.

Maki goman ƙarshe su ne aka fi gardama a kansu. Wasu alƙalai suna ganin idan takardar kwalba ta ce kek ɗin cakulan, kuma giyar ta ba da shi, to ta cika alkawari. Wasu suna cewa idan aka rufe ido aka kurɓa, aka kasa gane cewa da sha'ir aka yi ta, to abin da ke cikin kofin ya tashi daga giya ya koma ruwan alewa mai barasa. Ƙa'idojin BJCP sun fi karkata ga ra'ayi na biyu, domin sun nemi abin da aka ƙara ya fito fili ba tare da ya binne asalin giyar ba.