Zaiba a Cikin Iska: Me Ya Shafi Manomi da Masunci?

Ya kai manomi, mai yiwuwa ka taɓa ganin zaiba a cikin ma'aunin zafin jiki na asibiti, wato ruwan ƙarfen nan mai ƙyalli wanda ake kira makuri da Turanci. Abin da idonka ba ya gani shi ne, akwai ta a cikin iskar da ke kaɗawa a gonarka. Zaiba tana zama tururi ko da ba a hura mata wuta ba, kuma idan ta hau sama takan yi watanni, har kusan shekara guda, tana yawo kafin ta sauko da ruwan sama ko ta lafe a kan ganyaye. Ta haka hayaƙin masana'antar wata nahiya yake iya ƙarewa a fadamarka. Masana sun kiyasta cewa ayyukan ɗan Adam sun ninka zaibar da ke cikin iska wajen sau biyar a kan yadda take tun asali.

Akwai labari mai daɗi. Tun daga wajen 1990, tashoshin awo na Turai da Arewacin Amurka suke nuna raguwarta kaɗan-kaɗan a kowace shekara, saboda an sanya matatun hayaƙi a tashoshin lantarki masu ƙona kwal, an kuma cire ta daga batura da fenti. Wani bincike da aka buga a 2024 ya nuna cewa a rabin duniya na arewa ta ragu da kimanin kashi 10 cikin ɗari tsakanin 2005 da 2020.

Amma kada ka saki jiki tukuna. Ƙididdigar Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta nuna an saki kimanin tan 2,220 cikin iska a 2015, ƙarin kusan kashi 20 cikin ɗari a kan na 2010. Awo ya ce ta ragu, lissafi ya ce ta ƙaru, kuma masana suna ta ƙoƙarin daidaita biyun. A lura kuma, galibin tashoshin awon suna Turai da Amurka da gabashin Asiya ne. A nahiyarmu, wadda ta daɗe tana aiki ita ce ta Cape Point a Afirka ta Kudu, tun 1995, kuma tsakaninta da Tafkin Kainji akwai nisan gaske.

To, daga ina wannan zaiba take fitowa? Ƙona kwal ya ba da wajen kashi 21 cikin ɗari. Amma kaso mafi girma, kusan 38, daga ƙananan masu haƙar zinariya yake, irin waɗanda ake samu a jihohin Zamfara, Neja, Kebbi, Kaduna da Osun. Ana niƙa dutse, a wanke, a zuba zaiba ta kama ƙwayoyin zinariya, sannan a ƙona dunƙulen a fili. Zaiba ta tashi sama, zinariya ta zauna. Ruwan wankin kuma ya gangara rafi, rafin da ake ban-ruwa da shi, ake shayar da dabbobi, ake kamun kifi. (Kada a haɗa wannan da annobar da ta kashe ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010. Waccan gubar dalma ce, ko da yake sana'ar ɗaya ce.)

Babban haɗarin yana cikin taɓo. A ƙarƙashin ruwa, inda iska ba ta shiga, akwai ƙananan ƙwayoyin halitta da ke juya zaiba ta koma wani nau'i mafi guba, mai maƙalewa a tsoka. Ƙaramin kifi ya ɗauka, babba ya cinye shi, guba ta taru. Don haka tsohon kifi mai cin kifaye, kamar giwan ruwa, ya fi karfasa tara ta. Dafuwa, suya ko banda ba sa fitar da ita. Shinkafa ma takan ɗauka: a lardin Guizhou na ƙasar Sin, kusa da mahaƙar zaiba, an gano cewa ta shinkafa ce gubar ta fi shiga jikin mazauna wurin, ba ta kifi ba.

Gubar tana taɓa jijiya da ƙwaƙwalwa, tana kawo karkarwar hannu, mutuwar yatsu da raunin gani, kuma ɗan tayi ya fi kowa cutuwa. Haka aka gani a garin masunta na Minamata a Japan a 1956. Sunan garin aka sanya wa yarjejeniyar duniya ta rage zaiba, wadda aka ƙulla a 2013, ta fara aiki a 2017, Nijeriya ta tabbatar da ita a 2018.

Wannan ba dalilin daina cin kifi ba ne, domin kifi abinci ne mai gina jiki. Sai dai idan ana wanke zinariya a saman rafinku, kada ka ja ruwansa zuwa tafkin kiwon kifi ko fadamar shinkafa, ka nemi rijiya ko burtsatse. Mai juna biyu da ƙananan yara su fi cin ƙananan kifaye. Kada a yarda a ƙona dunƙulen zaiba a cikin gida, ko kusa da rumbu da wurin shanya amfanin gona. Idan ɗanka ko maƙwabcinka yana wannan sana'a, ka nuna masa akwai rufaffiyar tukunyar ƙarfe mai bututu, wadda maƙeri zai iya ƙerawa. Tana sanyaya tururin ya koma ruwa, a sake amfani da shi, ba sai an sayi sabuwar zaiba ba.