Gudawar Kaji: Abin da Kashin Kaza Ke Nuna wa Mai Lura

Da wuya a shiga gida a ƙauyukan ƙasar Hausa, har ma da unguwannin birni, ba a tarar da 'yan kaji suna tono a tsakar gida ba. Galibinsu na mata ne da yara, kuma su ne asusun da ake fasawa idan an koro yaro kuɗin makaranta, ko baƙo ya sauka, ko salla ta ƙarato. Saboda haka duk ranar da aka wayi gari kaza ta takure a gindin bango, fukafukai a sake, gashin gindinta ya ɓaci da kashi, ba ƙaramar magana ba ce ga mai ita. Abin da aka saba yi shi ne a aiki yaro kemis ya sayo kafso ja-da-rawaya, a juye garinsa cikin ruwan sha, a jira ikon Allah. Wani lokaci a dace, sau da yawa kuwa a yi asarar kuɗin maganin da kazar baki ɗaya. Dalili kuwa shi ne, gudawa alama ce kawai, kuma cututtukan da ke kawo ta sun bambanta ƙwarai, har ma maganin wata yakan tsananta wata.

Kafin a gane cikin da ya ɓaci, dole a san yadda mai lafiya yake aiki. Kaza ba ta da haƙora. Tsabar da ta tsinta takan sauka cikin wata 'yar jaka da ke gindin wuyanta ta wajen dama, inda take jiƙa. Daga nan ta wuce ƙaramin ciki mai fitar da ruwan narkarwa, sannan ƙundu, wanda ke niƙa ta da taimakon tsakuwoyin da kazar ta haɗiye. A hanji ne jiki ke tsotse amfanin abincin. Kusa da ƙarshen hanjin akwai rassa biyu masu toshewar baki ɗaya, waɗanda za a iya kira makafin hanji. Har ila yau kaza ba ta da mafitsara, farin nan da ake gani a saman kashinta shi ne fitsarinta. Don haka ɗan fari a kan kashi mai tauri ba ciwo ba ne. Haka nan kashin nan mai danƙo da wari, mai launin ƙasa-ƙasa, da kaza kan yi jefi-jefi a cikin yini, daga makafin hanji yake fitowa, kuma lafiyayyar kaza ma tana yin sa. A watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke tsananta, kaji kan sha ruwa da yawa, kashinsu ya tsinke alhali lafiyarsu ƙalau. Gishiri idan ya yi yawa a abinci shi ma yana sa haka.

Tambayoyin da likitan dabbobi zai fara yi ba su fi ƙarfin ɗalibin sakandare ba: shekarun kajin, wato 'yan tsaki ne ko manya, yawan waɗanda suka kamu, lokacin shekara, abin da suka ci, da ko an shigo da baƙuwar kaza kwanan nan. Launin kashi shi kaɗai yakan yaudari mutum. Koren kashi, alal misali, yana iya zama na kazar da ta cika cikinta da ɗanyen ganye, ko wadda ta daina cin abinci har ruwan matsarmama ya rina abin da ya rage a hanjinta.

Amma idan koren zawon ya zo a lokacin hunturu, kaji da yawa suka kwanta a cikin 'yan kwanaki, manya da ƙanana, suna numfashi da ƙyar, wasu kuma wuyansu ya murɗe suna zagaye a wuri ɗaya, to zato mafi ƙarfi shi ne annobar Niyukasil. An fara gane wannan cuta a shekarar 1926 a tsibirin Jaba na Indunisiya da kuma kusa da birnin Niyukasil na Ingila, inda ta samo sunanta. Ƙwayar bairos ce ke kawo ta, kuma babu kafso ko allura da ke kashe ta a jikin kazar da ta riga ta kamu. Barkono da ɓawon maɗaci da gautan kaji da ake jiƙa wa kaji a ƙauye ma ba su tsayar da ita. Kazar da ta tashi bayan an ba ta su, ƙarfin jikinta ne ya tashe ta. Rigakafi ne kaɗai makami. Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom, kusa da Jos, tana yin ruwan rigakafi iri-iri na wannan cuta, ciki har da mai suna I-2, wanda aka samar a Jami'ar Kwinsilan ta Ostireliya musamman domin kajin ƙauye, saboda yana jure zafi fiye da sauran. Ɗigo ɗaya ake sa wa kowace kaza a ido, a maimaita bayan wata uku zuwa huɗu, kuma ya fi kyau a yi kafin iskar hunturu ta kaɗa.

A nan akwai gargaɗin da bai kamata a tsallake ba. Murar tsuntsaye, wadda aka tabbatar da ɓullarta a Nijeriya a watan Fabrairu na shekarar 2006 a Jihar Kaduna, tana kama da Niyukasil ta yadda ido kaɗai ba ya iya rarrabe su, kuma ita tana iya kama mutum. Duk gidan da kaji ke zubewa farat ɗaya, ofishin likitan dabbobi za a sanar. Kada a yanka a ci, kada a bar yara su taɓa, kuma kada a garzaya da sauran kasuwa kamar yadda wasu ke yi don gudun asara, domin ta haka cuta ke tsallakawa daga gari zuwa gari.

Jini a kashi

Ciwon da ya fi dacewa ɗalibin ilmin halitta ya fahimta sosai shi ne koksidiya, domin a cikinsa ake ganin yadda sanin rayuwar ƙwayar cuta ke nuna hanyar yaƙar ta. Yana kama 'yan tsaki ne galibi tsakanin mako uku zuwa shida, musamman da damina, kuma a inda aka kulle su a akurki mai danshi. Za a ga sun cure wuri ɗaya kamar masu jin sanyi, gashi a tashe, ido a lumshe, ga jini a kashi. Wasu ƙananan halittu ne masu ƙwaya ɗaya tak, dangin Eimeria, ke haddasa shi. An daɗe da sanin iri bakwai da ke kama kaza, kowanne da sashen hanjin da yake zama. Mai kawo jinin nan ja wur, Eimeria tenella, a makafin hanji yake sauka.

Ƙwayar tana fitowa a kashi cikin wani kwanso mai tauri, amma a ranar da ta fito ba ta iya cutar da kowa. Sai ta sami danshi da ɗumi da iska na kwana ɗaya ko biyu kafin ta nuna. Idan ɗan tsako ya tsince ta bayan nan, ƙundunsa da kansa ne ke fasa kwanson, 'ya'ya takwas su fito su kutsa cikin bangon hanji, su hayayyafa, su fasa shi, su sake shiga wani wurin. Wajen kwana na biyar jini ke bayyana, a cikin mako guda kuma sababbin kwanso masu ɗimbin yawa sun zuba a ƙasa. Wannan tazara ta kwana ɗaya ko biyu ita ce lagon cutar: wanda ke share akurki kullum, ya hana ruwan sha malala a ƙasa, ya kwashe ƙwayar tun ba ta nuna ba. Tsintsiya a nan ta fi magani araha. Ɗan tsakon da ya haɗiyi kaɗan-kaɗan ma yakan sami garkuwa ba tare da ya kwanta ba, shi ya sa kajin da ke yawo a fili ba su cika shan wahalar ta ba.

Idan ciwon ya riga ya kama, maganin da aka fi samu a kantin magungunan dabbobi shi ne amfuroliyam. Ƙirarsa ta yi kama da ta bitamin B1, sai ƙwayar cutar ta ɗauke shi a maimakon bitamin ɗin, ta kasa girma. Saboda haka kuskure ne a haɗa shi da garin bitamin a ruwa ɗaya, a bari sai an gama. A ba dukan 'yan tsakin, a bi ma'aunin da ke jikin takarda, a cika kwanakin ko da jini ya tsaya.

Manyan kaji kuwa, waɗanda ke ci amma suna ramewa har ƙashin ƙirjinsu ya fito kamar wuƙa, tsutsar ciki za a fara tuhuma. Doguwar farar tsutsa, Ascaridia galli, takan kai santimita 10 ko fiye, kuma idan ta yi yawa tana toshe hanji. Fiferazin yana sumar da ita ta fito, amma ba ya taɓa tsutsa mai faɗi mai gaɓa-gaɓa, wadda kaza ke samu ta hanyar cin tururuwa da ƙwaro da ƙuda, wadda kuma ake ganin guntayenta a kashi kamar ƙwayar shinkafa. Ita sai likita ya zaɓi wani maganin.

Wurin da kafso ke da aiki shi ne cututtukan bakteriya, kamar dangin Salmonella. Ɗaya daga cikinsu na sa farin kashi ya manne a duburar 'yan tsaki a makonni biyu ko uku na farko, kuma daga uwa yake bi ta cikin ƙwai. Ɗayan, taifot na kaji, yana kama manya da zawo rawaya, idan an buɗe gawar a ga hanta ta kumbura ta sauya launi. Ko a nan ma kazar da ta warke takan ci gaba da ɗauke da ƙwayar, don haka bai dace a bar ta ta yi kwanci ba. Farin zawo mai ruwa a 'yan mako uku zuwa shida kuma yana iya zama Gumboro, wanda bairos ne, kafso ba ya yi masa komai.

Ba duk ciwon ciki ne ke nunawa a kashi ba. Jakar wuyan kaza takan cika da yamma, ta wayi gari a sake. Idan aka shafa ta da sassafe, kafin a ba da abinci, aka ji ta da tauri, to ta toshe, sau da yawa da dogayen ciyayi ko zaren buhu ko leda. Ruwa mai ɗumi kaɗan-kaɗan da tausa a hankali sukan taimaka. Idan kuwa ta kumbura da ruwa, bakin kazar na warin tsami, wani naman gwari ne mai suna Candida ya yi yawa a ciki, kuma abin da ke ba shi dama sau da yawa shi ne kafson da aka daɗe ana zubawa, wanda ya kashe bakteriya masu amfani. Ƙara kafso a nan ƙara ciwo ne, nistatin ake bayarwa. Kada a kife kazar don a matse ruwan, yana iya bi ta hanyar numfashi ya shaƙe ta.

Sai abinci. A shekarar 1960 talo-talo fiye da 100,000 suka mutu a Ingila, aka bi sawu aka gano tunkuzar gyaɗa ce da aka shigo da ita daga Barazil, wadda fumfuna ta zuba wa guba. Wannan guba ita ce afulatoksin, kuma tana lalata hanta ta raunana garkuwar jiki. Masara da gyaɗa da dusar da suka sha danshi a rumbu, waɗanda ake cewa "a zuba wa kaji" don mutum ba zai ci ba, su ne gidanta. Dafawa ba ta kashe ta.

Malamin da ke da madubin ƙara girman abu a makarantarsa zai iya nuna wa ɗalibai yawancin wannan da idonsu. A narka gishiri a ruwa har ya ƙi narkewa, wato wajen giram 360 a lita guda. A dama ɗan kashin kaza a ciki, a tace da tsumma, a cika kwalbar gwaji har baki, a ɗora siririn gilashi a kai na minti 15 zuwa 20. Ƙwan tsutsa da kwanson koksidiya sun fi ruwan gishirin sauƙi, sai su taso su manne a gilashin. Ƙwan doguwar tsutsa mai kaurin ɓawo ne, kwanson koksidiya kuwa ya fi shi ƙanƙanta ƙwarai. Ganin 'yan kaɗan ba ya nufin ciwo, yawansu tare da halin da kazar ke ciki ne hujja. A wanke hannu da sabulu, kuma kada a ɗauko kashi daga gidan da kaji ke mutuwa da yawa.

Kowace irin cuta ce, kazar da ta kamu a ware ta a inuwa, a ajiye mata ruwa mai tsabta kusa da ita, domin ƙarewar ruwan jiki na gaggauta mutuwar mai gudawa. Wadda ta mutu a binne ta da zurfi ko a ƙone ta. Baƙuwar kaza daga kasuwa ta yi aƙalla mako biyu a keɓe kafin ta shiga cikin 'yan gida. Wadda aka ba magani kuma, akwai kwanakin jira da ake rubutawa a jikin takardarsa, kafin su cika ba a cin ƙwanta ko namanta, domin saurar maganin na wucewa jikin mai ci, kuma yana koya wa ƙwayoyin cuta jure magungunan da asibiti ke dogara da su.